Ranar da Na Kira Ɗan Kokawa da Bakin Bature

Yaran da ke riƙe da gidajen kallo yanzu suna ba ni dariya. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar shagon ɗan ƙanena a nan Isa, na ji yana gaya wa abokinsa wai sana'armu ba ta da wata wahala: ka tayar da inji, ka danna madanni, ka zauna bakin ƙofa kana miƙa hannu. Ban tanka masa ba, don lokacin bakina cike yake da goro. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin yadda muka yi ta, mu da muka fara nuna kokawar Turawa a ƙasar nan, tun mutane na zagayawa bayan talabijin su ga ta ina ƙattin suka shiga.

Sunana Mamman, amma daga Isa har Sabon Birni in ka ce Mamman ba wanda zai gane. Tafinta ake ce mini, kuma za ku ji dalili.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne riƙe murfi. Wurin Malam Hassan mai gyaran rediyo na yi koyo, a Sabon Birni, shi ne ya fara sayo bidiyo a yankinmu. In zai buɗe injin, ni ke riƙe murfi da ƙusoshinsa a tafin hannu, ba ni da izinin sa yatsa ciki. Na fi shekara ina wannan kafin ya yarda in goge kai. Ku yanzu ba ku san kan bidiyo ba. Wani ɗan ƙarfe ne zagayayye mai sheƙi, shi ke karanta zaren kaset, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta cika hoto da yayyafi. Da farar takarda mai laushi ake goge shi, a ɗiga mata sifirit, a dafa a hankali, a juya da ɗan yatsa gefe ɗaya. Wanda ya goge sama da ƙasa ya kashe inji. Malam Hassan ya sha gaya mini cewa in na karya masa kai, in bi hanyar Maraɗi kada in waiwayo, don sai can ko Sakkwato ake samun wani.

Sai ɗinkin kaset. Kaset ɗin kokawa ɗaya yakan yi mana wata uku muna juya shi, har zaren ya gaji ya fara taunewa. In inji ya ci zare ana tsakiyar wasa, ga rumfa cike da mutane, ba ka da lokacin tunani. Ka zare kaset, ka kwance ƙusa biyar, ka yanke wurin da ya cukurkuɗe da reza, ka haɗa baki da baki da salatif ta bayan zaren, ka naɗe da yatsa, duk wannan bakinka bai daina magana ba, don in ka yi shiru mutane za su fara tashi. Waɗanda muke samowa ta Maraɗi kuwa ba su yin kala a injinmu, baƙi da fari suke fitowa, sai ni in riƙa faɗa wa mutane wandon wane ja ne, na wane kore. Ban taɓa ganin kalar wandunan ba, amma ba wanda ya taɓa ƙaryata ni.

Da Malam Hassan ya sallame ni, na dawo Isa na kafa rumfata bayan kasuwa. Zana na kewaya, na rufe sama da kara, na bi ko'ina da buhunan algarara don duhu ya samu, saboda da rana nake nunawa: ɗaya bayan azahar ranar kasuwa, ɗaya bayan la'asar kullum, in tashi mutane kafin magariba. Janareta rami na haƙa masa can nesa, don kukansa kada ya danne muryata. Zafi kuwa shi ne babban abokin gaba. In bidiyo ya ɗau zafi sai ya fara jan zare, don haka kullum akwai jiƙaƙƙen buhu a rataye bayansa da mafici a hannuna. Mutane na gumi ina yi wa inji fifita, ana ta yi mini tsiya wai na fi kula da shi a kan iyalina.

Ranar da na fara nuna kokawar Turawa a Isa ba za ni manta ba. Rumfa ta cika, manoma, Fulani da suka kawo dabbobi kasuwa, har da 'yan kokawar ƙauyukan Turba da Kamarawa da suka ji labari. Ƙatti biyu suka hau dandamali mai igiyoyi, suka kama juna, ba a yi nisa ba ɗaya ya ɗaga ɗaya ya maka da ƙasa. Sai na ga mutane sun yi shewa, sun fara kakkaɓe riguna suna fita. A wurinmu ai ko gwiwa ce ta taɓa ƙasa an yi kaye, wasa ya ƙare. Na tsaya bakin ƙofa ina cewa su dawo ba a gama ba, wani dattijo ya dube ni ya ce wane irin ba a gama ba, bayan mutum ya sha ƙasa kowa ya gani. Da suka leƙo suka ga wanda aka kayar ya miƙe yana ci gaba, sai suka ce wannan ba shi da kunya.

A nan na gane inji kaɗai ba zai riƙe mini mutane ba, sai da baki. Washegari na ɗauko kujera na ajiye gefen talabijin, na rage muryar Turawan, na ɗora tawa. Na bayyana musu cewa a ƙasar can sai an danne kafaɗun mutum alƙali ya buga ƙasa sau uku. Na raɗa wa kowane ƙato suna. Akwai Mai Takunkumi, wanda ba a ganin fuskarsa. Akwai Ɗan Marayan Zaki, wanda kullum ake cuta. Akwai kuma babbansu, wani jibgege mai jar fuska da ɗamara mai faɗin faranti, na sa masa Jan Bajimi. Na ba kowa gari da dangi da dalilin gabarsa. Wannan ya ci wa wancan gona, wancan ya ƙi gaida uban wannan. In ƙato ya karɓi abin magana yana ihu, jijiyoyin wuya a waje, ni ke juya shi zuwa kirari irin namu. Kafin wata biyu sunan Tafinta ya bi ni, ana zuwa daga ƙauyuka don a ji abin da Jan Bajimi ya ce a wannan mako.

To ga abin da ba wanda ya sani a lokacin: ba na jin Turanci. Na san ƙirga ɗaya zuwa goma, na san gaisuwa, iyakarta ke nan. Abin da nake yi, kowane sabon kaset sai na kalle shi sau uku ni kaɗai da hantsi kafin in nuna. In lura da wanda ake yi wa sowa da wanda ake yi wa ihu, in san inda za a yi kaye don in ja numfashin mutane kafin a kai wurin. Aiki ne, kuma na iya shi, ba na jin kunyar faɗa. A cikin wannan kallon ne kuma na gano abu na biyu. Na ga mai naushi yana buga ƙafa a dandamali daidai lokacin da hannunsa ke wucewa gefen kunne. Na ga wanda aka shaƙe yana motsa baki kusa da kunnen mai shaƙe shi. Na san shiri ne. Na kama bakina, don daga nan nake ci.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Shekarar farko gero ya kai gwiwa ya tsaya, ta biyu ko fitowa bai yi sosai ba. Gulbi ya zama hanyar jakuna. Fulani suna shigo da shanu kasuwa ƙasusuwa a waje, masu saye suna juya baya. Mata suka koma jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita a ci. Matasa suka watse kudu cin rani tun kafin lokacinsa. Kuma abin da ba a taɓa gani ba, kaka ta zo ba a buga gangar kokawa ko a gari ɗaya ba, don mai yunwa ba ya kama mutum, makaɗi ma ba ya kiɗa a banza.

Za ku zaci rumfata ta mutu a shekarar. Ba ta mutu ba. Ta rame dai, fetur ya yi wuya, na koma nunawa sau uku a mako, kuma na daina duban abin da mutum ya sa mini a hannu. Amma mutane suna zuwa, musamman 'yan kokawa. Su da suka saba a wannan lokaci suna yawo gari gari da warki da layu, sai ga su a jere a bencin gaba, hannuwa a kan gwiwa. A cikinsu akwai Arzika na Turba, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda kaka huɗu ba a ga bayansa a ƙasa ba. Mutum ne marar yawan magana, kuma duk abin da na faɗa a kujerar nan yana ɗaukarsa kamar a gaban alƙali aka faɗa. Kusa da shi kawunsa ke zama, Baba Tunau na Kamarawa, tsohon ɗan kokawa da ya koya wa rabin 'yan yankin, shi ne kuma ke raba gardama a fili in ta tashi.

Wata la'asar na sa kaset inda Jan Bajimi ya gama da wani, ya ɗaga ɗamara, ya matso har fuskarsa ta cika gilashi, ya miƙo yatsa yana ihu. Rumfar ta yi sanyi a ranar, fuskoki duk a yamutse, na ce bari in motsa su. Na ɗaga murya na ce: ga abin da yake cewa, wai ya zagaye duniya bai ga namiji ba, wai an ce masa akwai maza a ƙasarmu ta Gobir, to in akwai a fito, yana Ikko yana jira, wanda ya kai bayansa ƙasa ya ɗauki ɗamara da garken shanu. Na faɗa ne don a yi dariya a yi zagi, kamar yadda aka saba.

Ba a yi dariya ba. Yatsan nan daidai bencin gaba ya nuna. Arzika ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannun dama sama, ya riƙe shi a can har kowa ya gani, sannan ya zauna. Nan take na san abin da na yi. A al'adar filinmu, in ɗan kokawa ya yi kirari ya nuna ka, kana da damar sunkuyar da kai, ba laifi. Amma in ka miƙe ka ɗaga hannu, ka amsa ke nan, kuma wanda ya amsa bai shiga ba, makaɗa ba su ƙara kiran sunansa, 'ya'yansa ma da abin za a riƙa yi musu gori. Na yi ta jan wasa in mai da abin raha, na ce ai Ikko da nisa. Ba wanda ya taya ni.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ina goge kai, Baba Tunau ya yi sallama ya shigo ya zauna a benci. Ya gaya mini Arzika ya tambayi direbobin tasha kuɗin mota zuwa Ikko, kuma ba abin da ya rage masa na sayarwa sai irinsa. Dami biyu ne na gero mai saurin nuna da suka gada daga kakansu, suna rataye a rumbu. Duk yunwar da aka sha, matarsa ba ta taɓa zangarniya ɗaya ba, yara suna cin anza suna kallon rumbun. Shi zai kawo kasuwa mai zuwa, har ya yi magana da mai saye. In ya sayar, ko ruwa ya dawo ba shi da abin da zai sa a rami, kuma irin nan ba a samunsa a kasuwa.

"Ni na san wasa na, Mamman," in ji tsohon. "Tun ran da nis shigo rumfar ga nig gane. Ku hannuwa kuka kallo, mu ƙahwa muka kallo. Ba a ɗaga ƙato kamar wancan sai in shi ya so. Na hwaɗa mai, ya ce ni tsoho na, ban jin Turanci. Kai ka ji, kai za shi saurara ma."

Na ajiye takardar da ke hannuna. Na ce, "Baba, ni ma ba ni ji."

Ko gira bai ɗaga ba. Ya ce, "Na sani. Wane Bature za shi san Gobir?"

Washegari na hau keke na tafi Turba. Na iske Arzika a gindin bishiya yana ɗinke warkinsa. Na zauna na gaya masa komai, ba ɓoye ba kwana: ba na jin Turanci, ƙaton bai ambaci Gobir ba, ba ya Ikko, ba garke, kuma kokawar tasu ma shiri ce. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba. Sannan ya ce ya ji, kuma ya gode da na taka har gidansa, amma wannan magana ce ta mutum biyu a gindin bishiya.

"Gaban mutane niɗ ɗaga hannu, Tafinta. Ko shi wasa shikai, ni ba wasa nikai ba. In na zamna, cewa za a yi Arzika ya ji tsoro ya samu mahwaka. Za ni tai. In ban iske shi ba, a ce na je ban iske shi ba."

A hanyar dawowa na yi ta juya abin. Na gane abin da aka ɗaura a gaban jama'a sai a gaban jama'a ake kwance shi. Na kuma san abin da zai ci mini. Duk sana'ata a kan abu biyu take tsaye: mutane sun yarda ina jin abin da ake faɗa, sun kuma yarda duka ake yi na gaske. In na tsaya na rushe su da bakina, a shekarar da ba gona ba kiwo, ban san abin da za ni koma ba. Ba za ni yi muku ƙarya ba, na so in yi shiru. Na ce wa kaina ai ba ni na ɗaga masa hannu ba. Amma duk inda na juya, dami biyun nan nake gani.

Ranar kasuwa na sa aka zagaya da shela cewa kallon azahar kyauta ne. Na zuba sauran fetur ɗin da nake da shi. Rumfa ta cika har ana ɗaga zana ana leƙe. Arzika ya iso da jakin aro, dami biyu a ɗaure an lulluɓe da tsohon zane, ya ɗaure shi a jikin turken rumfata, don mai sayen sai bayan la'asar zai zo. Ya shigo ya zauna a wurinsa, kawunsa a gefe.

Na sa kaset ɗin nan dai. Da aka zo inda Jan Bajimi zai ɗaga abokin karawarsa, na danna na tsayar da hoto. Malam Hassan ya hana ni yin haka, don tsayarwa na cin kai da zare, amma ranar ban damu ba. Na roƙi Baba Tunau ya taso. Ya zo da sandarsa ya nuna ƙafafun wanda za a ɗaga: ga gwiwa ta lanƙwashe, ga dunduniya ta bar ƙasa, ga hannunsa a kan cinyar Jan Bajimi yana tura kansa sama. Na saki hoto na sake tsayarwa, sau uku. Na nuna musu naushin da ke wucewa gefen kunne. Rumfa ta fara guna-guni. Wani Bafulatani a baya ya ce shi dama ya yi mamakin mutumin da ake buga wa kujera a ka ya tashi ba ko ƙulu.

Sannan na kai wurin yatsa, na tsayar, na miƙe daga kujerata. Na ce musu shekara uku ina zaune a nan ina gaya musu abin da Turawan nan ke cewa, alhali ban taɓa jin ko kalma ɗaya ba. Gonar da aka ci, uban da aka ƙi gaisarwa, kalar wando, duk daga kaina suka fito. Na ce wannan mutumin bai san akwai wata ƙasa Gobir ba, bai kira kowa ba, ni na kira. Wasu suka yi dariya, wasu suka zage ni, wani dattijo ya tofar da yawu ya fita. Arzika dai bai motsa ba. Na duba fuskarsa na ga maganata ba ta kwance shi ba: hannu ya riga ya tashi, kuma har yanzu bai shiga fili da kowa ba.

Baba Tunau ne ya buga sandarsa a ƙasa aka yi shiru.

"Kun ji da kunnuwanku. Al'ada ta, wanda yak kira shi ka shiga hili. Bature bai kira ba. Mamman yak kira, Arzika ya amsa." Ya juya ya nuna ƙofa da sanda. "Ga hili nan waje."

Ku dube ni yanzu, to a lokacin ma haka nake, ƙashi da fata, ban taɓa kama ko ɗan akuya da niyyar kayarwa ba. Na dubi tsohon ko wasa yake, na ga ba wasa a fuskarsa. Na kashe inji, na rufe shi da zanensa kamar kullum, na tuɓe riga na fita.

Kafin a ce me, rabin kasuwa ta taru. Aka ja da'ira a yashi. Wani makaɗi da ya zo sayar da igiya ya kifa ƙwarya ya fara bugawa da 'yan yatsu, ya kira sunan Arzika da na kakanninsa, karo na farko a shekarar da aka ji kiɗan kokawa a Isa. Ni ma ya yi mini nawa kirarin, wai mai baki ya fi na kowa, yau ga ranar ƙafa. Arzika ya ɗaura warki, ya duƙa ya shafi ƙasa, ya matso. Na miƙa hannuwa yadda na ga ana yi. Ban san lokacin da ya shige ƙarƙashina ba, sai dai na ji hannu a cinyata, hannu a ƙuguna. A nan ne ilimin kaset ya yi mini rana: na lanƙwashe gwiwa na yi tsalle na taimaka masa, yadda na ga ƙattin na yi, don a gama da wuri. Kuskure ne. Mutumin da ya saba ɗaga masu turjewa, ga wanda ya ba da kansa, sai na wuce inda ya yi niyya. Na ga rufin rumfata daga sama, sannan na sauka a kan kafaɗar hagu, na ji ƙas.

Aka yi shewa har kasuwa ta amsa. Baba Tunau ya kama hannun Arzika ya ɗaga, ya ce an kira, an amsa, an shiga, an kayar, magana ta ƙare, duk wanda ya sake tayar da ita da shi zai yi. Arzika da kansa ya ɗauke ni ya kai ni wurin maɗori. Da mai sayen iri ya zo bayan la'asar, turke kawai ya tarar, jaki ya kama hanyar Turba da kayansa.

Ƙashin kafaɗata ne ya karye, na yi wata biyu hannu a rataye. Rumfa kuwa ta yi sati uku ba na ganin kowa sai awaki. Ana wucewa ana nuna ni, wai ga Tafintan da ba ya jin yaren da yake fassarawa. Na yi tunanin sayar da inji. Sai wata la'asar mutum biyar suka shigo, suka ce in sa musu, kuma kada in yi musu shiru, don sun gwada kallo a wani wuri ba mai magana, abin ba gishiri. Daga nan aka dawo da kaɗan kaɗan. Abin da na koya, kuma shi nake so ku riƙe, shi ne mutane ba su ƙi a ba su labari ba, sun dai ƙi a rufe su. Da suka san nawa ne, sai suka fi sakewa. Har gardama ake yi da ni, a ce a'a Tafinta, wannan bai yi kama da mai cin gona ba, sake masa wani laifin. Na yi shekara goma da wani abu a kujerar nan bayan haka, amma ban ƙara sa wa wani ƙato kiran kowa a baki ba.

Damina ta gaba ruwa ya sauka. Ba mai yawa ba ne, ya kuma ɗauke da wuri, irin shekarar da gero mai jinkiri ba ya kai labari, sai mai saurin nuna. Da kaka ina tsugune ina wanke fulogin janareta, na ji an jingina wani abu a zana. Dami ne guda, zangarniya cike, an ɗaure da sabuwar igiya. Arzika ne ya jingina shi. Ya shige ya zauna a bencin gaba, warki a kafaɗa, don daga nan filin Kamarawa za shi, an dawo da ganga.

Na tayar da inji, na sa kaset, tsohon nan dai mai ɗinki bakwai. Aka zo wurin. Jan Bajimi ya matso, fuska ta cika gilashi, ya miƙo yatsa daidai bencin gaba yana ihu. Kowa ya juyo yana kallona. Arzika ya gyara zama.

"Tafinta, mi yac ce?"

Na taɓa kafaɗata ta hagu, wadda har yau take gaya mini in hadari ya taso. Na ce, "Cewa ya yi, don Allah a ba mutanen Gobir haƙuri, shi iyali gare shi."